Yadda ake haɗa matacin ruwa na babban tankin kifi a gida, da yadda ake kula da shi

Ruwan tankin kifi kan yi garau har kana ƙirga tsakuwar ƙasa, alhali cike yake da guba. Kifi yana fitar da amoniya dare da rana ta wurin numfashinsa da ke gefen kai, ragowar abinci da kashi kuma suna ruɓewa su ƙara a kai. Amoniya ba ta da launi, soso ba ya tare ta. A kogi ruwa ke wucewa da ita, a falo kuwa ba ta da inda za ta. Masu cinye ta wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke manne a jikin duk wani abu mai kaushi da ruwa ke bi ta kansa. Rukuni ɗaya ya juya amoniya ta koma naitirait, wadda ita ma guba ce, wani rukunin ya juya naitirait ta koma naitiret, wadda kifi ke iya jurewa in ba ta taru da yawa ba. Inji da faif da soson da za ka saya duk hidimar waɗannan ƙwayoyi suke yi: su samar musu wurin zama, su riƙa kai musu ruwa mai iska ba yankewa. A inda wuta ke tafiya ba sallama, nan ne aikin yake.

Zan ɗauki tanki ɗaya mu bi shi daga farko: tsawo santimita 150, faɗi 60, zurfi 60, irin wanda ake zuba wa manyan kifaye masu ci kamar oska, ko kifayen Tafkin Malawi, ko namu na gida irin su kurungu da karfasa.

Lissafi da wurin ajiyewa

Ninka 150 da 60 da 60 ka raba da 1000, ka samu lita 540. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Gilashi mai kaurin milimita 12 na wannan girma shi kaɗai ya kai kilo 100. Ka ƙara yashi da duwatsu da ruwan matacin da zai zauna a ƙasa, abin ya wuce kilo 700, wato sama da buhun siminti 14 a wuri guda. Teburin ajiye talabijin ba zai ɗauka ba. Ka sa mai walda ya haɗa maka mazauni da ƙarfe mai kauri, a shafa masa fentin hana tsatsa, a ɗora katako a sama, a shimfiɗa farin soson nan na cikin kwalin firji tsakanin katakon da gilashi. Ka auna da ma'aunin magina ka tabbata babu ɓangaren da ya karkata. Ka kuma gaya wa mai waldar tun kafin ya yanka ƙarfe cewa kana son sarari a ƙasa mai tsayin aƙalla santimita 70, kuma kada ya gitta ƙarfe a tsakiyar gaba. In ya gitta, tankin ƙasa ba zai shiga ba, in ma ya shiga hannunka ba zai kai cikinsa ba. Ka guji tagar da rana ke shigowa ta ciki.

Kanista ko tankin ƙasa

Ƙananan filtocin da ake maƙalawa a jikin gilashi ka bar su ga ƙananan tankuna. Na wannan girma zaɓi biyu ne.

Kanista rufaffen bokiti ce mai inji a murfinta, tana jan ruwa ta tiyo ɗaya ta mayar ta ɗaya. Eheim da Fluval da SunSun duk suna yin ta. Ba ta da ƙara, ba sai an huda gilashi ba, cikin awa guda ka gama haɗawa. Aibinta shi ne rufaffiya ce. Da an ɗauke wuta, ƙwayoyin ciki sukan shanye ɗan oksijin ɗin da ya rage cikin 'yan awoyi, su fara mutuwa, dattin ciki ya fara ruɓa babu iska. Da wuta ta dawo sai injin ya kwaso wannan ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya watsa wa kifi.

Tankin ƙasa kuwa wani ƙaramin tanki ne buɗaɗɗe da ke zama a ƙarƙashin babban. Ruwa ya gangaro masa da kansa, ya bi ta kayan tacewa, inji ya mayar da shi sama. Yana ɗaukar kayan tacewa ninkin ba ninkin na kanista, samansa a buɗe yake iska na taɓa shi, kuma mai gilas da mai gyaran famfo na unguwa za su iya haɗa shi. A ganina duk tankin da ya haura lita 400 a gidan da wuta ba ta zama, tankin ƙasa ya fi masa. Shi zan bi. Wanda ya riga ya sayi kanista, maganar ruwa da rainon ƙwayoyi da wanki duk ta shafe shi, sai dai ya ƙara da wannan: in wuta ta yi kamar awa huɗu zuwa shida ba ta dawo ba, musamman lokacin zafi, ya zare filogi, ya buɗe, ya zubar da ruwan ciki kafin ya sake kunnawa.

Girman inji

Ana son duk ruwan tanki ya zagaya ta mataci kamar sau biyar a awa, wato lita 2700 ga namu. Amma lambar da ke jikin kwalin inji ta lokacin da bai ɗaga ruwa ko taƙi ɗaya ba ce. Daga ƙasan mazauni zuwa bakin tanki ya kusa mita ɗaya da rabi, ga lanƙwasar faif, don haka kashi ɗaya cikin uku ko fiye ya tafi. Ka sayi mai lita 4000 a awa, ka sa bawul a faif ɗin da ke fita daga gare shi ka rage in ya yi yawa. Ba a shaƙe inji ta bakin da yake jan ruwa. Ka duba wat ɗinsa ma kafin ka biya, don batir ne zai riƙe shi wata rana.

Haɗawa

Ka fara sayen mahaɗan faif, irin waɗanda ake ɗaura wa tankin ruwa na roba, masu zare da robar hana yoyo, guda biyu na inci ɗaya da rabi. Da su za a auna ramin da za a huda, ba a huda a je neman mahaɗi daga baya. Ramuka biyu a gilashin baya, can sama, kowanne ya nisanci gefen gilashi da aƙalla faɗin ramin kansa. Ana hudawa da abin huda gilashi mai bakin daimon, a hankali, ana zuba ruwa. Ka tambaya ko gilashin gasasshe ne irin na ƙofar mota, domin shi ba ya huduwa, tarwatsewa yake yi. Shi ya sa ya fi a huda kafin a haɗa tankin.

Daga ciki, ka sa wa kowane rami gwiwar faif mai kallon sama, da raga a baki don kada ƙaramin kifi ya bi. Bakin na farko ya zauna kamar santimita 3 ƙasa da inda kake son ruwa ya tsaya. Shi ne magudanar kullum. Na biyu ya ɗan ɗara saman ruwa, ya zauna a bushe, ba a sa masa bawul. Ranar da ganye ko mataccen kifi ya toshe na farko, shi zai hana inji cika tanki ya malalo kan kafet. Mutane kan ga kamar ɓarnar kuɗi ce. Kuɗin faif ɗaya ne kawai. Faif mai komawa sama inci ɗaya ya isa, kullum mai saukowa ya fi mai hawa faɗi.

Tankin ƙasa ya zama tsawo 90, faɗi 40, zurfi 40. A raba shi ɗaki uku da gilashi biyu. Ɗakin farko santimita 25, nan ruwa ke faɗowa. Gilashin da ya raba shi da na biyu a ɗaga shi santimita 3 daga ƙasa, ruwa ya bi ta ƙarƙashi. Ɗaki na biyu santimita 40. Gilashi na biyu ya zauna daram a ƙasa, tsayinsa santimita 25, ruwa ya haura ta kansa ya zuba ɗaki na uku inda inji yake. Amfanin wannan tsari shi ne ko inji ya tsaya, ɗakin tsakiya yana nan cike, kayan ciki ba sa bushewa. Silikon ɗin da za a liƙa da shi ya zama zalla, wanda ba a haɗa masa maganin hana fumfuna ba. Na banɗaki da kicin yawanci akwai maganin, kuma yana kashe kifi. A bar shi aƙalla kwana biyu, mako guda ya fi, sai warinsa mai tsami ya tafi.

A ɗakin farko ka shimfiɗa audugar roba fara a sama, soso mai manyan ƙofofi a ƙarƙashinta. Su ke kama dattin da ido ke gani. A ɗaki na biyu ka fara sa ragar roba mai ƙarfi a kan 'yan guntayen faif, ta ɗaga kamar santimita 4, sannan ka zuba mazaunin ƙwayoyi a kai, lita 20 zuwa 25: zobban tangaran na shagon kifi, ko dutsen aman wuta mai ƙofofi, ko soson roba na wanke tukunya sabo wanda ba a haɗa shi da sabulu ba. Na ƙarfe bai yi ba. Ƙwayoyin ba ruwansu da tsadar abu, kaushi suke so da ruwa mai wucewa. Ka zuba su cikin jakunkunan raga don ɗagawa ta yi sauƙi, kuma kafin ka zuba ka ajiye dutsen iska ɗaya, wato ɗan dutse mai ƙofofi da ke fitar da kumfar iska a cikin ruwa, a ƙarƙashin ragar, tiyonsa ya fito waje. Za mu dawo kansa.

Gawayin tace ruwa ba dole ba ne. Yana cire launin rawaya da wari da ragowar magani, ƙarfinsa kan ƙare cikin mako uku zuwa huɗu. Gawayin girki ba ya maye gurbinsa.

Gwajin ɗauke wuta

Wannan kada ka tsallake shi. Da inji ya tsaya, ruwan sama zai ci gaba da sauka har ya kai bakin magudana. Saman tankinmu 150 sau 60 ne, kowane santimita ɗaya lita 9 ke nan. Santimita 3 lita 27, da na cikin faif a ce 30. A tankin ƙasa kowane santimita lita 3.6 ne, don haka ruwa zai hau kamar santimita 8 zuwa 9, daga 25 ya kai 34, ya tsaya ƙasa da baki. Lissafi ya yi.

Abin da ke ɓata lissafin shi ne faif mai komawa. In bakinsa ya nutse santimita 15 cikin ruwa, da inji ya tsaya sai ya juya ya riƙa zuƙo ruwa baya har sai bakin ya fito fili: lita 135 zuwa cikin wurin da bai fi 54 ya rage ba. Maganinsa ɗan rami mai faɗin milimita 3 ko 4 a jikin faif ɗin, dab da ƙasan layin ruwa. Da ruwa ya ɗan sauka, iska ta shiga ramin, zuƙar ta tsinke. Bawul mai hana ruwa komawa ba abin dogaro ba ne, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana shi rufewa.

Cika komai, kunna, bari ya daidaita, sannan zare filogi ka tsaya kana kallo har ruwa ya daina motsi. Sake kunnawa. Toshe magudanar farko da tafin hannu ka ga ko ta biyu ta ɗauke duka. In komai ya yi, ka ja layi da maka a ɗakin inji daidai inda ruwa yake lokacin da inji ke aiki. Ko da wasa kada ka cika ya wuce wannan layi. Wayar kowane inji kuma ta sauko ƙasa da soket sannan ta hau, don ɗigon da ya biyo waya ya zuba ƙasa. Kafin ka tsoma hannu a ruwa, zare filogi.

Ruwa da rainon ƙwayoyi

Ruwan famfo na gwamnati yana iya zuwa da kulorin, wanda aikinsa kashe bakteriya ne, bai san na kirki da na banza ba. Ka sa masa maganin cire kulorin, ko ka tara shi a buɗaɗɗen duro da dutsen iska kwana ɗaya zuwa biyu. Ruwan burtsatse ba shi da kulorin, amma yakan fito da ƙarancin oksijin, wani kuma da sinadarin ƙarfe da ke sa shi yin ja in ya sha iska. Shi ma ya kwana a duro. Na 'yan garuwa kuwa ka san inda suke ɗebowa, ka kuma shinshina jarkar, kada ta taɓa ɗaukar fetur ko kalanzir.

Sabon mataci fanko ne, babu kowa a ciki. Wanda ya cika tanki yau ya zuba kifi goma gobe, yawanci a mako na biyu ko na uku yake fara kwashe gawa. Ka sayi kayan gwaji na ɗigo guda huɗu: na amoniya, na naitirait mai alamar NO2, na naitiret mai alamar NO3, da na pH, wato ma'aunin tsamin ruwa. Kunna komai babu kifi. Riƙa zuba ɗan abincin kifi kullum ya ruɓe, ko ɗigon amoniya na shagon kifi in ka samu, har gwaji ya nuna kamar miligiram 2 a lita. Ka riƙa gwadawa duk bayan kwana biyu ko uku. Amoniya za ta fara sauka, naitirait ta hau, ta daɗe a sama har ka fara zargin kwalbar gwajin, sannan ta faɗi, naitiret ta bayyana. Yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30 yana gaggauta shi, sanyin hunturu yana ja masa baya. In kana da aboki mai tanki lafiyayye, roƙi tsohon sosonsa da dattinsa, ka kawo shi a jiƙe cikin leda ka tura ɗakin tsakiya. Babu abin da ya kai wannan rage kwanaki.

Aikin ƙwayoyin yana sa ruwa ya yi tsami a hankali, kuma in pH ya sauka kusa da 6 sai su yi sanyi. In ka ga haka, ɗan ƙunshin ɓawon kawa, irin wanda masu haɗa abincin kaji ke sayarwa, a wanke shi a jefa a tankin ƙasa.

Mataci ya shirya in ka zuba amoniya yau, gobe war haka ita da naitirait duk suka nuna sifili. Canza rabin ruwa, ka fara da kifi uku ko huɗu, ka ƙara wasu bayan mako biyu.

Kula ta yau da kullum

Audugar saman ita ce ta fi son hannu. Dattin da ta kama yana nan cikin ruwa yana ruɓewa har sai ka cire shi, don haka duk mako a wanke ta ko a canza. Soson ƙasanta duk mako biyu, a matse shi cikin ruwan da ka ɗebo daga tanki. Jakunkunan ɗakin tsakiya a bar su su yi ruwan ƙasa-ƙasa, haka ake so. Sai bayan watanni, in ruwa ya fara wahalar wucewa, ka ɗaga rabinsu ka jijjiga a bokitin ruwan tanki ka mayar, sauran rabin sai wani watan. Kada a kai su bakin famfo, kada a shanya su a rana, kada sabulu ya kusance su. Ka ware bokiti ɗaya na kifi kaɗai, ka rubuta a jikinsa, don a gida mai jama'a bokiti ba ya da mai shi.

Mataci ba ya cire naitiret, canjin ruwa ke cire ta. Duk mako ka zuƙe kamar lita 150, jarka shida masu lita 25, kana caccaka bakin tiyo cikin yashi. Ka nemi naitiret ta zauna ƙasa da miligiram 40 a lita. Ruwan da ka zuƙe ka ba shukoki. Duk wata ka buɗe inji ka zaro farfelarsa ka goge santsi da gashi da yashi, ka kuma soka tsinke a ɗan ramin nan na faif mai komawa, don gansakuka na toshe shi. Injin da farfelarsa ta yi datti yakan ƙi tashi in wuta ta dawo, ya tsaya yana gurnani yana zafi.

Ruwan da iska ta shanye, a ɗakin inji kaɗai ake ganinsa, babban tanki yana nan a cike. Ɗakin kuwa 25 sau 40 ne, kowace lita santimita guda. Da hunturu, iska a bushe, kwana kaɗan sun isa inji ya fara jan iska yana tofa kumfa a sama. Ka leƙa layin maka kullum. Murfi a kan tankunan biyu yana rage wannan, yana kuma tare ƙura, amma a bar kafar iska.

Zafi, wuta da maganin sauro

Ruwa mai zafi ya fi ƙarancin oksijin: kusan miligiram 8.3 a lita a digiri 25, kusan 7.5 a digiri 30, alhali a lokacin ne kifi da ƙwayoyi suka fi bukatarsa, amoniya ma ta fi dafi. Daga Maris zuwa Mayu ka rage abinci, ka karkata bakin faif ya riƙa kaɗa saman ruwa, ka sa ƙaramar fanka tana hura shi.

Ka sayi injin iska mai batir a ciki, wanda ke ci gaba da kansa in an ɗauke wuta. Wat 3 zuwa 5 yake ci. Tiyo ɗaya ya tafi babban tanki, ɗaya ya tafi dutsen iskar da muka binne a ɗakin tsakiya. Wannan kaɗai ya isa ya riƙe kifi da ƙwayoyi su kwana. Mai inbata ko sola ya ɗora babban injin ma: mai wat 35 a kan batir na volt 12 mai amfiya 100, in rabinsa za a ja don kada ya lalace, zai yi kamar awa 14 bayan an cire abin da inbata ke ci da kansa. Duk ranar da wuta ta daɗe, kada a ba kifi abinci.

In ka ga kifi sun taru a sama suna haki, ka gwada ruwa kafin ka nemi magani. In naitirait ce, dakatar da abinci, canza rabin ruwa, zuba gishirin girki rabin giram zuwa giram ɗaya a kowace lita, narkakke, a hankali. Gishiri yana rage shigar naitirait jinin kifi kafin ƙwayoyi su farfaɗo. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da shuɗin maganin nan na kifi suna iya taɓa na matacin ma, don haka mara lafiya a cire shi a yi masa magani a wani mazubi.

Maganin sauro na feshi da fiya-fiya guba ne mai tsanani ga kifi. Kafin a fesa a falo, kashe injin iska don iskar ɗakin yake turawa cikin ruwa, rufe tankunan biyu da leda, kada a buɗe sai an buɗe tagogi warin ya fita.

In za ka yi tafiyar Salla ko ta aiki, ka canza ruwa da auduga kwana biyu kafin ka tashi, don in wani abu ya kwance ka gani kana nan. Ƙulla abincin kowace rana daban a 'yar takarda ka ɓoye gwangwanin, domin mai tausayin kifi da abinci ya fi mai mantawa da su ɓarna. Wanda zai kula, nuna masa layin maka da duron ruwan da ya kwana, ka nuna masa filogin da zai zare in ya ji inji na gurnani ruwa bai hawa.